Daƙiƙa Tara a Kaset ɗin Malam Dakata

Kullum ƙarfe bakwai saura kwata za ka gan shi ya ɓullo ta kwanar layi, yana tura kekensa maimakon ya hau. An daɗe ana mamakin mutumin da ya mallaki keke amma yake tafiya a ƙasa. Dalilin yana ɗaure a bayan keken: wata tsohuwar rikoda mai cin kaset, naɗe cikin tawul, wadda ya ce ba ta son jijjiga. Wato rikoda ke hawa, Malam ke rakiya. A aljihun gabansa akwai biro biyu. Ɗaya na rubutu ne. Ɗayan ba shi da tawada ko ɗigo, aikinsa kawai a zura shi a ramin kaset a juya zare baya, don kada batir ya ƙare a banza. Hannun rigarsa na hagu kuwa bai taɓa rabuwa da farin alli ba, domin da shi yake goge allo idan magana ta yi daɗi ya manta inda ya ajiye tsumma.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da harshe a sakandaren da ke ƙarshen layin, a watan jiya ya yi ritaya. Sunansa na yanka yana cikin takardun ofis. A bakin mutane kuwa, daga ɗalibai har masu shaguna, Malam Dakata ne. Shi nake son a jinjina wa yau, tun yana da kunnen ji.

Duk wanda ya kai ajin ƙarshe a makarantar ya san Jawabin Ambaliya, don yana cikin littafin karatunsu. A zamanin kakanni kogi ya ci rabin gari cikin kwana biyu, mutane suka ɗaure 'yan komatsansu za su watse. Shugaban garin na lokacin ya hau kan wata babbar mota, ya yi magana ta minti goma sha biyu, sai mutane suka kwance kaya suka ɗauki shebur. Wasu malaman hadda suke ba da shi, a rera a ci jarrabawa a manta. Malam kuwa kwance shi yake yi, kamar yadda makaniki ke kwance inji ya jera ƙarafan a kan buhu. Gidan rediyo farkon jawabin kawai yake sakawa, shi ma sai shekara-shekara. Cikakkensa yana cikin kaset ɗin da wani tsohon malami ya ba Malam a shekararsa ta farko a aiki.

Zai kunna rikoda, muryar shugaban ta fito tana rawa saboda tsufan zare: "Kun rasa ƙofofinku. Kun rasa tukwanenku. Kun rasa hotunan iyayenku." Sai ya danna maɓalli.

"Dakata. Me ya sa bai ce kun rasa dukiya ba, ya huta?"

Sai ya nuna wani yaro a baya.

"Kai mai hamma, ka taɓa ganin dukiya?"

"A'a, Malam."

"Tukunyar babarka fa?"

"Kullum, Malam. Ni ke wanke ta."

"To ka gani. Dukiya a kunne take tsayawa. Tukunya har ƙirji take sauka."

Haka zai bi da su layi-layi. Ya nuna musu inda mai jawabin ya maimaita abu sau uku, da inda ya yi tambayar da ba ya jiran amsarta, da inda ya tsorata mutane da gangan don ya samu abin da zai lallashe su da shi. Ya sa su ƙirga kalmar "ku". Sau goma sha bakwai a rabin farko, "mu" ko ɗaya babu. Sannan a zo wurin da kowa ke jira. Shugaban ya ce, "Kogi ya kwashe muku komai, amma bai iya kwashe ku ba." Daga nan sai shiru. Malam ya ɗaga hannu, aji na ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin tebur: daƙiƙa tara cif. A ta bakwai, in ka kasa kunne sosai, za ka ji an ja numfashi. Sai murya ta dawo: "To, mu ɗauki shebur."

"Kun ji?" Malam zai ce, idonsa a rufe. "A cikin shirun nan ya tsallaka daga ku zuwa mu. Ya bar kowa ya ƙirga asararsa shi kaɗai, ya ja numfashi, sannan ya sauko cikinsu. Duk jawabin, wannan ne wuri mafi tsada, kuma mai buga littafi bai iya buga shi ba."

Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma mu da muke zama a bencin Mai Gyara, mai gyaran rediyon da ke kallon ƙofar makarantar, mun sha ganin abin da darasin ya haifa. Akwai wani direban bas, tsohon ɗalibinsa. Wata rana mai tallar magani ya shiga motarsa a tasha yana zuba, mata har sun fara kwance bakin zani. Direba ya leƙo ya ce, "Dakata, ɗan'uwa. Sau shida ka ce mana 'yan'uwa, sau uku ka ambaci kabari, amma har yanzu ba ka faɗi abin da ke cikin kwalbar ba." Mai magani ya sauka tun kafin mota ta cika. Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya da ta ce idan za ta gaya wa dangi labari mai nauyi, takan faɗi rabin farko, ta ƙirga tara a zuciyarta, sannan ta ce, "To, ga abin da za mu yi." Ta ce ba ta taɓa ganin ya kasa aiki ba. Malam yakan gaya musu kayan aikin mai gaskiya da na mayaudari iri ɗaya ne, shi ya sa dole mutum ya san sunan kowane ƙarfe kafin a taɓa shi da shi.

Kai ne, Malam, ka koya wa 'ya'yan mutane cewa kunne ma yana da ƙofa, kuma mai gida ne ke da ikon buɗewa.

Saura kwana goma sha biyu ya ajiye alli, wata ɗaliba ta tsaya bayan an tashi. Ana kiranta Me-Ya-Sa, don ba a taɓa gama magana a gabanta ba ta tambaya ba. Ta fito da wayar yayanta daga jaka, tana waige-waige saboda an hana shigowa da waya.

"Malam, kada ka ƙwace. Wani ne ya ɗora jawabin gaba ɗaya, na saurara sau huɗu. Babu shirun nan."

"Ƙila sun yanke shi. Mutanen yanzu ba su da haƙurin shiru."

"Ba yankewa suka yi ba, Malam. Tafi ne a wurin."

Ta kunna. Murya dai ita ce, kalmomi su ne. "Amma bai iya kwashe ku ba." Sai tafi ya ɓarke, da sowa, da wani can nesa yana ihu. Malam ya ƙirga ba tare da ya sani ba: tara. Sannan, "To, mu ɗauki shebur."

Ya ce ta sake. Ta sake. Ya goge allon da babu komai a kai da hannun riga, ya ce, "Kin kyauta. Je ki gida."

Da la'asar ya tura keke zuwa rumfar Mai Gyara. Ya miƙa kaset ɗin da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba, don rikoda yake kawowa gyara, kaset kuwa ko taɓawa ba ya bari a yi.

"Buɗe mini shi. Akwai abin da nake son gani."

Mai Gyara ya kwance sukurori biyar, ya jera su a murfin kwalba, ya riƙa jan zare a hankali da ɗan yatsa. Can sai ga wani ɗigo ja a jikin zaren. Ya ja kamar kamu ɗaya, ga wani ɗigon. Tsakaninsu launin zaren ya ɗan fi sauran haske. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan ɗinkina ne."

"Ɗinkinka kamar yaya?"

"Jan farce ne wannan. Da shi na liƙa. Ni ina jin ana zancen shirun jawabi shekara da shekaru, ban taɓa kawo cewa shiruna ba ne."

Ya ba da labarin yana kallon teburi. Lokacin bai fi wata biyu da kafa rumfa ba. Wata matashiya ta zo da goyo, da kaset a ƙunshe cikin ɗankwali, zare ya zubo waje kamar hanji. Ta ce jiya-jiya maigidanta ya kawo shi, ko saurara bai yi ba, yarinya mai rarrafe ta samu ta ja. Ta ce a rufa mata asiri. Wajen kamu ɗaya ya tauye, babu yadda za a yi sai yankewa. Mai Gyara ya ce zai haɗa bakin biyu, shi ke nan. Ta ce a'a, maigidanta mutum ne mai lura, zai ga zare ya ragu, a mayar masa da daidai tsawon da aka yanke. Ya yi mata bayani cewa ba haka abin yake ba, ba yadi ba ne. Ta kafe. Ta ciro wani kaset nata, wanda ta saya don ta ɗauki saƙon murya ta aika wa mahaifiyarta da ke nesa, wadda ba ta iya karatu ba. Ta ce a yanka daga farkonsa, wurin babu komai, don ta danna maɓalli ta ji kunyar rikodar ta kasa cewa uffan. Gam ɗinsa ya bushe a ranar. Ita ta buɗe jaka ta miƙo masa jan farce.

Matashiyar nan ita ce matar Malam, ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Mace ce mai ƙarancin magana, irin wadda za ta ajiye maka ruwa ta tafi ba ka ji motsinta ba. Mutuniyata, haka yake kiranta.

Malam ya zauna a bencinmu. Muka matsa muka ba shi wuri. Bayan wani lokaci ya ce, "Rufe shi. Sa mini a babbar lasifikarka, ka ƙure murya."

Mai Gyara ya kashe injin da ke ƙara, ya sa kaset. "Amma bai iya kwashe ku ba." Sai wani ɗan ƙas, inda ɗigon farko ya wuce. A ƙaramar rikodar aji babu abin da ake ji a nan sai huci. A babbar lasifika kuwa akwai ɗaki a ciki. Fanka tana juyawa, tana yin ƙyat, ƙyat, ƙyat.

"Fankar ɗakinmu na farko," in ji Malam, kamar mai magana da kansa. "Fiffikenta ɗaya a lanƙwashe yake. Kullum sai na ce zan gyara."

A daƙiƙa ta bakwai aka ja numfashi, irin na wanda ya buɗe baki zai ce "Inna" sai kunya ta kama shi. Sannan ƙas na biyu, shugaban ya dawo da sheburinsa.

Malam ya ciro biron da ba tawada, ya karɓi kaset, ya juya baya kaɗan, ya miƙa. Sau uku aka sa. A na uku ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa.

"Duk ranar da na zauna a gida ina yaba shirun nan, ina ce mata ki ji numfashin gwani, sai ta miƙe ta ce ta bar abu a wuta. Ni kuwa ina cewa a raina, wannan baiwar Allah ba ta son ilimi."

Washegari ya shiga ofishin shugaban makaranta ya faɗa masa komai. Shugaban, wanda shi ma a hannun Malam ya ƙirga tara, ya rufe ƙofa.

"Malam, saura maka kwana goma sha ɗaya. Tsofaffin ɗalibai za su cika makarantar nan ranar darasinka na ƙarshe, wasu daga nesa. Shirun nan suke zuwa ji. Ba ya cikin jarrabawa, bai cuci kowa ba. Ka bar shi ya yi ritaya tare da kai."

"Yarinyar fa?"

"Zan yi mata magana."

"Ka ce mata me? Ta daina ji da kunnenta?"

Shugaban ya miƙe ya buɗe masa ƙofa. Malam ya fito, amma shi ma bai yanke shawara ba. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya gaban waɗanda suka sa masa suna ya ce abin da suka sa masa sunan dominsa kuskure ne. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Sirrin ba nasa ba ne. Mai shi ta riƙe shi shekara talatin, ta tafi da shi, yanzu shi ne zai kwance mata ɗankwali a gaban jama'a? Kwana uku keke na wucewa babu gaisuwa mai tsawo.

Babbar 'yarsa ce ta zo duba shi ranar hutu, ta same shi a baranda da kaset a cinya. Ya gaya mata. Ta rufe baki da hannu.

"Baba, wato ni ce na ja zaren?"

"Ke ce. Tun kina rarrafe kike gyara mini darasi."

Ta yi dariya har ta share ido. Sannan ta ce, "Baba, in don Mama ne, ka faɗa. Ba kunyar mutane ta ji ba, kai ta ji wa. Da farko tsoron faɗanka, daga baya kuma ta ga yadda kake son abin, ta kasa ƙwace maka. Da za ta ga kana shirin yi wa yara ƙarya saboda ita, da ta ce ta bar abu a wuta ta fita."

Ranar darasin ƙarshe ajin bai ɗauki mutane ba. Ɗalibai a kujeru, manya a jikin bango, wasu a tagogi: direban bas, ma'aikaciyar jinya da farar rigarta, wani lauya, masu shaguna, da mu 'yan benci a can baya. Malam ya kwance tawul, ya ajiye rikoda, amma bai kunna ba. Ya kira Me-Ya-Sa gaban allo.

"Fito da wayar yayanki. Yau shugaban makaranta bai gani ba."

Ta kunna, tafi ya cika ajin. Mutane suka kalli juna.

"Shekara talatin da huɗu ina gaya muku mai jawabin nan ya yi shiru," in ji Malam. "Bai yi ba. Tafi aka yi masa, ya jira aka gama. Na koya muku abin da bai faru ba, kuma wannan yarinyar ce ta kama ni, da kayan aikin da na ba ta." Ya ba su labarin zare da jan farce, bai rage komai ba. Sannan ya juya ga yarinyar. "Yau ni zan tambaye ki. Me ya sa na yarda, ban taɓa neman wani kaset na gwada ba?"

"Don ya yi kyau, Malam."

"Don ya yi kyau, kuma don ina son ya zama haka. Ku rubuta, ita ce dabara ta ƙarshe, ba ta cikin littafi. Ba mai magana ke yin ta ba, mai sauraro ke yi wa kansa. Inda magana ta fi yi muku daɗi, nan za ku fi dakatawa. Ko da daga bakina ta fito."

Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga hannu ta taga, kamar tana 'yar shekara sha bakwai.

"Malam, to mu da muka yi shekaru muna aiki da shirun nan fa?"

"Yana aiki?"

"Yana yi, Malam."

"To ku ci gaba. Sai dai ku san mai shi. Ba na shugaba ba ne. Na wata mata ce da ta ji kunyar rikoda."

Sannan ya kunna kaset tun daga farko. Ƙofofi, tukwane, hotunan iyaye, duk suka wuce, bai danna maɓalli ko sau ɗaya ba. Da aka zo wurin, babu wanda ya ƙirga da yatsu. A ta bakwai, ajin gaba ɗaya ya ji an ja numfashi, Malam yana tsaye da alli a hannu, idonsa a buɗe wannan karon, yana kallon rikodar kamar za ta ƙarasa abin da ta fara.

Kai ne, Malam, da aka ba ka zaɓi tsakanin sunanka da gaskiya, ana saura kwana goma sha ɗaya ka tsira da sunan, ka ajiye shi a kan tebur gaban yara. Mun gode da shekarun da ka yi kana tafiya a ƙasa don rikoda ta hau keke. Mun gode da ka nuna mana babba yana iya cewa na yi kuskure, bango bai tsage ba. Malaman da suka rage, da iyaye, da duk mai tsayawa gaban yara, ga abin koyi: ku ba su kunnen da zai iya kama ku, kuma ranar da suka kama ku, ku kira su gaban allo ku gode musu.

Yanzu ƙarfe bakwai saura kwata takan zo ta wuce, kwanar layi babu keke. Mukan ɗaga kai duk da haka. 'Yarsa ta sa an kwafe masa kaset ɗin a waya don kada zare ya sake tsinkewa, ya karɓa ya yi godiya ya sa a aljihun tebur. Da la'asar yana baranda da rikoda a gefe, da biron nan marar tawada. Ba ya juya zaren da nisa, kamu ɗaya ne. Idan kun biyo ta ƙofar gidansa za ku gaishe shi kuka ga ya ɗaga hannu, ku dakata. Daƙiƙa tara ne kawai, zai amsa muku.